Hoton da Ya Riga Kawu Isa Safana

A wajenmu ba a faɗa wa mutum mutuwa yana tsaye. Haka na tashi na tarar a Batsari da ƙauyukan da ke kewaye da ita. In an yi rashi, dattawa biyu ake tasa, su tafi da ƙafarsu wurin wanda abin ya fi shafa. Su yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma, su yi gaisuwa mai tsawo har a kai ga tambayar awaki. In sun tarar da mutum yana cin abinci, sai su jira ya wanke hannu. Daga nan ɗayan ya ce jikin wane ya yi zafi, a ɗan yi shiru, sannan na biyun ya ce sai haƙuri. Kafin a zo kan maganar, zuciya ta riga ta sami wurin zama. Haka aka yi wa Inna ranar da mahaifinmu ya rasu, kuma har yau tana sa mutanen nan biyu a addu'a.

Na fara da wannan ne don a gane abin da mai shagon caji ya yi mana.

Shagonsa yana bakin tasha, rumfar kwano ce da ɗan janareta da katako mai cike da wayoyin mutane. Tare muka yi firamare da shi, kuma tun a lokacin bakinsa ba ya riƙe magana. Direbobi da 'yan acaɓa duk wurinsa suke kai caji, saboda haka duk abin da ya faru tsakanin Batsari da Safana, kunnensa ne ke fara ji. Da manyan wayoyi suka yawaita sai ya buɗe shafi a dandalin nan na gajerun rubutu, inda mutum ke jefa layi biyu da hoto duniya ta gani. Kowane rubutu nasa da manyan baƙaƙe yake farawa: DA ƊUMI-ƊUMI. Ko akuya ce ta faɗa rijiya, da ɗumi-ɗumi ne.

Ba zan yi ƙarya in ce ni ban shiga ba. Ina aikin buga takardu a ofis, kuma rabin yinin ma'aikaci zama ne, sai na buɗe nawa shafin. Nakan rubuta tsadar taki, da ramukan hanyar Katsina, da ranar da aka yi ruwan shuka. Mabiyana ba za su cika motar bas biyu ba, nasa kuwa har daga Kano da Legas. Ni kaina na sha yaɗa rubutunsa, don a shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, layi ɗaya a waya kan hana mutum bin hanyar da ba zai dawo ba. Abin yana da amfani, ban taɓa musu ba.

Yayana fataucin wake yake yi a kan babur. Wata ranar kasuwa da kaka, yana dawowa daga Runka da buhu biyu, wata a-kori-kura ta kwashe shi a kwana. Nan take rai ya yi halinsa. Kawunmu ne ya zo ofis da kansa, ya sa na zauna, sannan ya gaya mini. Inna kuwa tana Safana, ta je sunan jikar ƙanwarta. Kawu ya ce kada wanda ya kuskura ya buga waya can. Ya ɗauki limamin unguwarmu, suka hau mota, ni kuma na tafi karɓo gawa.

Abin da ba mu sani ba shi ne, wani direba ya ɗauki hoton yayana a kwance a gefen titi, ko mayafi ba a rufa masa ba. Da ya iso tasha ya kai wayarsa caji, ya nuna wa mai shagon. Shi kuma ya tura wa kansa hoton, ya ɗora, ya rubuta: “DA ƊUMI-ƊUMI: Hatsari a hanyar Runka, wani ɗan Batsari ya riga mu gidan gaskiya. Wa ya san shi?”

Wa ya san shi. Mutumin da a safiyar ranar ya karɓi wayar yayana ya sa mata caji, suka yi barkwanci, shi ne yake tambayar duniya wa ya san shi. Ya yi tambayar ne don mutane su yi ta amsawa, rubutun ya ƙara tafiya.

Ya kuwa tafi. Daga dandalin ya faɗa zaurukan hira na waya, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai, na matan aure. Motar su Kawu tana tsayawa a shingayen bincike, hoton ba ya tsayawa ko'ina. Ƙanwar Inna ce ta ba ni labarin sauran. Tsakar gida cike da mata, ana rabon tuwo, jaririyar tana hannun Inna. Wata baƙuwa da ba ta san kowa ba ta yi salati, ta miƙo waya ta ce, “Ku 'yan Batsari, ko kun gane wanga bawan Allah?” Wayar ta bi hannu biyu ta iso gaban Inna. An ce ba ta yi kuka ba. Ta dubi hoton, ta juya ta miƙa wa maijego jaririyar a hankali, ta gyara mata zani, sannan ta zame ta faɗi. Da su Kawu suka yi sallama a ƙofar gidan da gaisuwarsu da suka shirya tun daga Batsari, kukan mata ne ya amsa musu.

Tun daga ranar Inna ba ta sake zuwa gidan suna ba. In aka miƙo mata waya, ko muryar jikanta ce a ciki, sai ta kawar da kai. Tambaya ɗaya ta taɓa yi mini, bayan an share makoki: “Su wa da wa suka gan shi a haka?” Na ce mutane kaɗan ne, Inna. Ƙarya na yi mata, kuma ta san ƙarya ce.

Bayan sadakar uku na je shagon. Na yi niyyar in yi magana da hankali, har na yi. Na ce ya cire hoton. Ya yi mini ta'aziyya yana jona wata waya, ko ɗago kai bai yi sosai ba, sannan ya ce, “Malam, ai aikin jarida ne, jama'a na da haƙƙin su sani. Kuma ka duba yawan addu'ar da aka yi mashi a ƙasan hoton. In na goge, duk addu'ar nan ta tafi. Kana so in hana mamaci lada?”

Na tsaya ina kallonsa. Da hannu na ɗaga a ranar da ban san inda zan tsaya ba, kuma Inna ba za ta iya da ɗa a kabari da ɗa a kurkuku ba. Na juya na tafi, amma na ƙulla shi a raina, na yi alwashin sai ya ɗanɗani abin da muka ɗanɗana.

Na fara da ƙananan abubuwa. Na buɗe sabon shafi da ba sunana, na sa hoton jaki a fuskar shafin, na bi mai cajin. Aikina ɗaya: duk ƙaryar da ya ɗora in tone ta. Ya sa hoton ambaliya ya ce Batsari ce, na nemo asalin hoton a wata ƙasa da ko bishiyoyinta ba irin namu ba ne, na ajiye a ƙarƙashin nasa. Ya ce an ga 'yan bindiga a bakin kasuwa, mutane suka watse suka bar kaya, ashe masu kai amarya ne a kan babura. Kwana uku na yi ina tuna masa. Mutane suka fara jiran abin da jaki zai ce. In ya toshe ni, in buɗe wani, da wani jakin. Na san ya yi zargin ni ne, amma bai da hujja, kuma ina jin daɗin wucewa ta gaban shagon in ga yana bin kowa da kallo.

Matata ta gaji da ganina da waya a hannu ko a kan tabarmar cin abinci. Wata rana ta ce, “Kai ma fa ka zama mai caji, janareta ne kawai ba ka da shi.” Na yi fushi na kwana biyu, don ta faɗi gaskiya.

Lokacin da aka yanke sabis a yankinmu na watanni saboda rashin tsaro, kowa ya sha wahala, ni ma na sha. Amma ina tuna yadda nakan bi ta tasha da gangan don in gan shi zaune a kan benci, katakon cajin rabi babu komai, yana ta shafa wayar da ba ta magana. Raina ya yi fari a watannin nan. Da sabis ya dawo, abin da na fara dubawa hoton yayana ne. Yana nan. Lokaci-lokaci wani baƙo zai ci karo da shi ya rubuta Allah ya jiƙansa, sai hoton ya sake tasowa a wayoyin mutane kamar jiya aka yi.

Nan na gane jaki ba zai biya mini buƙata ba. Dariyar mutane ma ƙara wa mai cajin mabiya take yi.

Mahaifinsa dattijo ne manomi a Wagini, mai fama da ciwon ƙirji, yakan shigo Batsari ranar kasuwa. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini komai ba. Wata rana na gan shi yana tari a rumfar masu gishiri, sai tunanin ya zo mini gaba ɗayansa. Na koma ofis na rubuta: “DA ƊUMI-ƊUMI: Wani tsoho ɗan Wagini ya riga mu gidan gaskiya. Wa ya san shi?” Ban aika ba. Na adana shi a inda ake ajiye rubutun da ba a gama ba, hoto kawai yake jira. Damina biyu rubutun nan ya yi a wayata. Duk ranar kasuwa nakan durƙusa in gaishe da dattijon, ya sa mini albarka, ni kuwa ina duban yadda ya rame. Na san wannan mummunan abu ne, kuma ina sane nake yi.

Ranar ta zo da hantsi, ranar kasuwa ita ma. Na je asibitin gari duba wani abokin aiki, ina fitowa sai ga babur ya shigo da mutum uku, na tsakiyan a langaɓe. Dattijon ne. A hanya ya yanke jiki, maƙwabcinsa da suka taso tare daga Wagini ya riƙo shi. Kafin a kai shi gado ya cika. Aka kwantar da shi a baranda, aka tafi neman mayafi. Babu wanda ya san shi a wurin sai maƙwabcin da ni.

Na ciro waya na ɗauki hoton. Na buɗe rubutun nan, na jona masa hoton, ya zauna daidai kamar an auna. Saura in danna.

Sai na ji an riƙe mini hannun riga. Maƙwabcin ne, tsoho mai rawani da ya sha jiki, idonsa jajir. Bai ma lura da abin da ke hannuna ba. Ya ce, “Malam, na gane ka, kai ka kan gaishe shi a kasuwa. Ɗan nashi na tasha. Ni kaɗai ba ni tahiya, mutum biyu aka so. Taimaka mani mu tahi.”

Na shafa gemuna, wanda furfura ta riga ta fara ci. Ban taɓa kawowa a raina cewa na kai shekarun da za a tasa ni faɗin mutuwa ba. Zan so in ce tausayi ne ya sa na mayar da wayar aljihu, amma ba shi ba ne. Tunani na yi cewa in na danna, a waya zai gani, ni ina can nesa. In kuwa na bi tsohon nan, a gabana fuskarsa za ta canja. Na ce mu je.

Mun tarar da mai cajin yana shan koko da ƙosai, janareta na ƙara. Shekara uku rabon da in taka shagon, saboda haka da ya gan ni sai ya riƙe ludayin a sama. Na yi sallama na ce ya ci abincinsa, ba sauri muke ba. Muka zauna a benci muna kallon titi har ya gama, ya wanke hannu. Na ce ya kashe janaretan, ba ma jin juna. Ya kashe. Na ce ya zauna.

Tsohon ya fara gaisuwa, ni na karɓe ta daga bakinsa. Ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya jama'a. Ya uwargida, ya yara, ya mai sunan malam da aka ce ya fara tafiya. Ya muka ji da zafi. Ya damina ta bana, an ce gero ya yi kyau a wajenku. Ya dabbobi. Yana amsawa da lafiya lau, lafiya lau, murya na ƙara yin ƙasa. Ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da ke kawo dattawa biyu su zaunar da mutum. Tun a tambaya ta huɗu ya gane, sai dai bai san wane ne ba. Idonsa na yawo tsakanin fuskata da ta maƙwabcin mahaifinsa. Duk tambayar da na tuna sai da na yi.

A ƙarshe tsohon ya yi gyaran murya ya ce, “To, jikin Baba ne ya yi zafi a hanya.”

Saura nawa. Shirun da ake yi a nan na ɗan numfashi biyu ne. Ni na riƙe shi har sai da tsohon ya waiwayo ya dube ni. Na kalli fuskar mai caji, na tuna matar nan da ta miƙa wa Inna waya. Sannan na ce, “Sai haƙuri.”

Ya yi salati, ya rufe fuska da hannu biyu, ya yi kuka irin na manya, marar sauti. Muka bar shi ya yi. Da ya ɗan lafa, sai na ga hannunsa na dama ya tafi kan tebur da kansa, ya lalubo waya. Ban ce ya yi da niyya ba, sabo ne. Na ɗora hannuna a kan nasa.

Na ce, “Tsohuwa ta ji?”

Ya dube ni kamar bai fahimta ba.

“Tana Wagini,” na ce. “Tana jiran ya dawo mata da gishiri. Kuma akwai waya a gidan.”

Ya saki wayar. Da nan na tsaya, da na zama mutumin kirki a labarin nan. Na ciro tawa, na buɗe rubutun da hoton, na riƙe masa a gaban ido yadda tsohon ba zai gani ba. Ya karanta, na ga bakinsa yana bin kalmomin har zuwa wa ya san shi. Na gaya masa damina nawa rubutun ya yi yana jira.

Ya ce da raɗa, “Don girman Allah, malam.”

Na ce, “Nemo hoton yayana.”

Rubutun shekara uku ne a kansa. Ya yi ta ja da yatsa, hawaye na ɗiga a gilashin, haɗurra da gobara da gawarwakin 'ya'yan mutane suna wucewa, kowanne da ɗumi-ɗuminsa. Ban taimaka masa ba, ko da yake na san watan da ranar. Da ya iso, ya goge. Bai yi maganar addu'ar da za ta tafi ba. Ni ma a gabansa na cire hoton mahaifinsa na goge.

Har Wagini na raka tsohon a kan babur, shi mai cajin ya tsaya wurin gawa. Mun tarar da mahaifiyarsa tana sussukar gero a ƙofar rumbu. Muka jira ta karkaɗe hannu, ta zauna a tabarma, aka gaisa. A nan ban ja komai ba, na yi yadda ake yi. Ta yi kukanta a zaune, mata suna riƙe da ita, kuma da za mu tashi ta ce Allah ya yi mana albarka da muka tako.

Da la'asar na shiga wurin Inna, na same ta tana tsintar wake a faifai. Na zauna kusa da ita, ina jin kaina kamar wanda ya dawo da kayan da aka sace. Na ce, “Inna, hoton nan an cire shi. Yau a gabana aka goge. Ba wanda zai ƙara gani.”

Ba ta ɗago ba. Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar, ta ce, “To, madalla.” Can kuma ta ce, “Ni dai duk na rufe ido shi nike gani. Da rigar tashi ta yaye, ba wanda ya ja mashi ita.”

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Hoton dattijon na goge, amma rubutun yana nan a wayata har yau, layi biyu, ba hoto. Ban ce zan yi amfani da shi ba, ban dai goge ba. Mai caji ya sani. Mahaifiyarsa tana nan da ranta a Wagini, mayar da tsoho tsohuwa a rubutun kuwa ba wuya, kuma duk lokacin da na bi ta tasha, tun daga nesa yake miƙewa tsaye ya fara gaishe ni.